Ruwan da Rediyo Bai Faɗa Ba

Watan bakwai na manoma ya kama. Ko ban ɗaga kai na duba sama ba na sani, domin samarin da ke zama bakin kantina a unguwar Sarsuf sun daina gardamar ƙwallo, kowa ya sunkuya kan wayarsa. Zafin Tamanrasat a irin wannan lokaci ba ya sa mutum gumi, busar da shi yake yi. Leɓe ya tsage, hanci ya yi jini, ruwan da ka ajiye a jarka da hantsi kafin azahar ya isa dafa shayi.

Shekaranjiya Salisu, wani saurayi mai aikin gini, mutumin wajen Mirya, ya miƙo mini tasa wayar yana washe baki.

"Kawu Habu, duba, an yi ruwa garinmu jiya."

Na karɓa na nisanta ta da idona, don yanzu sai da haka nake gani. Ƙanensa ne ya ɗauko hoton, mai motsi. Hannu ya shiga cikin ƙasa har ya wuce wuyansa, ya fito da danshi, ƙasar ta dunƙule ba ta warwatse ba. Ruwa ya sauka jiya, yau ga shi a tafin hannuna tsakiyar hamada. Na riƙe wayar nan har yaron ya fara tsoron ko zan yar masa da ita. Ba komai ya faɗo mini a rai ba sai rediyon yayana Isuhu.

Mu mutanen Damargu ne. Ƙauyenmu Rijiyar Kalgo, yini guda a ƙafa daga Tanut. Al'adarmu ta ci-rani kowa ya san ta: in an gama girbi namiji ya fita nema, ya rage wa rumbu baki ɗaya, in damina ta matso ya dawo ya riƙe sungumi. Shekarar da nake magana, rumbun ma ba shi da abin da za a rage masa. Daminar da ta wuce ta ɗauke hatsi yana tsakiyar fidda kai. Ni da Yaya Isuhu muka hau kamyon, babbar motar kaya, muka bar Baba da Inna da Rakiya matar Isuhu, da 'yarta a goye. Abu ɗaya Baba ya tsare, wato iri. Ya ɗinke shi cikin buhu ya rataye bisa shimfiɗarsa, ya ce ko mutuwa ake yi kada wanda ya kai masa hannu. Baba a lokacin ya tsufa, gwiwa ta ƙi, in zai tashi sai ya dafa bango. Shekara da shekaru rabonsa da sungumi.

A nan Sarsuf muka sauka, cikin wani kango da mai shi ya bar mu mu kwana don mu tsare masa ƙarafuna da siminti. Ba ƙofa, ba taga, sai ramukansu. Da asuba mu yi salla, mu jiƙa busasshen burodi cikin shayi, mu tafi bakin kwari mu jeru muna jiran mota. Balarabe ya tsaya ya ɗaga yatsu, mu ruga kamar kaji sun ga tsaba, ya zaɓi masu faɗin kafaɗa ya bar sauran. Ranar da aka ɗauke ka, ka yini kwaɓa siminti har fatar hannunka ta saɓule. Ranar da ba a ɗauke ka ba, ka koma kango ka kwanta don kada ciki ya tuna da kai. Da yamma tukunya ɗaya ce, lubiya, wake ke nan da ɗan tumatir da ruwa mai yawa. Abin da ya saura kuwa, taliya ce da garin alkama muke saye mu ba direban da ke zuwa Tanut, ya ajiye wa Baba wurin wani mai kanti.

Babbanmu a kangon Kawu Mato ne, mutumin wajen Gure, dattijo mai gajeren gemu da dogon baki. Shi ke da rediyo. Kai, rediyon nan ya ga duniya! An ɗaure shi da robar taya don kada cikinsa ya zube, eriyarsa ta karye an ƙara mata waya an maƙala a ƙarfen rufi. Pil ɗinsa kuwa, wato batir, sai an shanya a rana, in ya ƙi a ɗan cije shi da haƙori. Manyan tashoshin Turai masu sashen Hausa yana kama su tangaran. Mun san wanda ya harbi wani a ƙasashen da ba mu san inda suke ba. Amma tashar gida, ta Yamai, in ka murɗa wurinta sai shuuu, kamar ana soya gyaɗa, can ƙasa wata murya tana nitsewa tana tasowa.

Tashar gida kuwa ita muke bukata. Da zarar damina ta matso, kullum bayan magariba ana karanta sunayen garuruwan da suka samu ruwa, da yawan abin da kowane ya samu. Ɗan ci-rani ba shi da wani labari da ya fi wannan. Waya babu a ƙauye. Direba in ka tambaye shi sai ya ce maka an yi hadari, bai san ko na wace gona ba ne.

Akwai wani Alhaji Lawali, Bamaraɗe, mai kanti cikin kasuwa. Shi ya kawo sababbin rediyoyi, ƙanana, baƙaƙe, masu ɗan gilashi da lamba ke fitowa a jiki. Ba a murɗawa ana lalube, lambar ake dannawa. Wata rana da la'asar ya kunna mana, sai ga mutumin Yamai kamar yana zaune kan buhun shinkafa tare da mu. Alhaji ba ya hana kowa saurare, amma labarin ruwa bayan magariba ake yi, lokacin kuwa arewacin ƙasar nan ba lafiya, jandarma sun cika hanya. Baƙon da ba shi da takarda in duhu ya same shi a titi, gari na wayewa yana cikin motar da za ta zubar da shi bakin iyaka.

Tun daga ranar Isuhu bai sake zama lafiya ba. Kuɗin rediyon ya kai kuɗin motar mutum ɗaya daga nan zuwa Agadas. Ya kawo maganar muna kan tukunya.

Kawu Mato ya lashe yatsa ya dube shi. "Isuhu, kai manomi ne ko mushen lekkol mai koyar da yara? Watan bakwai in ya tsaya, tashi ake yi. Haka muka tarar."

"Kawu, bara da ka tashi da tsayuwar watan, me ka tarar?"

Kowa ya san labarin Kawu na bara. Ya isa gida ya zauna fiye da wata guda ba ko ɗigo, yana cin tuwon 'ya'yansa, har matarsa ta fara ɗiban iri tana dakawa.

"To ka gani," in ji Isuhu. "Mu biyu ne, ni da Habu. Mu je mu zauna mu ci me? Anza, 'ya'yan dajin nan masu ɗaci? Kowane mako muka ƙara a nan, tiya nawa ce ta hatsi. In muna da rediyo mu yi ta aiki, ran da aka ce Tanut, washegari mu hau mota. Ruwan farko ai ba kullum ake shuka da shi ba. Kafin na biyu mun isa."

"Ruwan Tanut a gwangwani ake auna shi, filin buron suprefe, ofishin hukuma. Gonarku a filin buron take?"

"Haba Kawu! Tun muna yara hadarin da ya bugi Tanut shi ke bugunmu. Ko ba haka ba, Habu?"

Na ce haka ne, domin haka ɗin ne. Ban taɓa ganin an yi dabam ba.

Kawu ya miƙe yana kakkaɓe riga. "Ni dai abin da na sani, ruwan da ya dake ka shi ne ruwa. Ku saya. In ya yi magana ku gaishe mini da shi."

Har yau in na zauna na auna maganar Isuhu, ban ga inda ta karkace ba. Mutum ne mai tunani, ba mai son ƙyale-ƙyale ba. Rigarsa biyu. Ya sayar da bargonsa da agogon da ya samu a Libiya, na ƙara abin da ke ƙuguna, bai isa ba. Sai muka taɓa saƙon gida. Watan nan rabin abin da muka saba aikawa muka ba direba, muka ce wata mai zuwa ma cika. Alhaji Lawali ya sa rediyon cikin kwalinsa, ya ƙara mana pil kyauta, ya ce, "Allah ya sa ku ji alheri." Kawu Mato kuwa watan na tsayawa ya naɗe tabarmarsa, ya sa tsohon rediyonsa a hammata ya tafi.

Gaskiya a faɗe ta, rediyon nan ya yi aikinsa. Bai taɓa shuuu ba. Isuhu ya ɗinka masa riga da ƙafar tsohon wando, da rana yana ɓoye shi cikin ramin bulo. Bayan magariba mutanen wasu kangaye ma sukan lallaɓo ta bayan gini su zauna. In an zo kan ruwa ko tari ba a yi. Gaya aka fara faɗa, can kudu. Aka yi ta Gaya da Dosso. Sai Madarunfa ta shigo, sai Magarya, sai Matamai. Duk wanda aka kira garinsu sai ya ce Alhamdu lillahi ya tashi yana haɗa kaya, mu bi shi da Allah ya kiyaye hanya. Kangon ya riƙa raguwa. Mu Damargu kullum mu ne na ƙarshe, don haka ba mu damu ba.

Aikin gini ya yi sanyi, muka samu na lambu a ƙauyen Utul, wurin wani Buzu mai tumatir da albasa. Nan na sha wahalar da ta fi ta siminti. Ba nauyin aikin ba, ƙanshin. Da safe in an tada inji ruwa ya bi kwalbatoci, ƙasa ta jiƙa, sai ƙanshin nan ya bugi hancinka, jikinka duka ya ce maka shuka ake yi. Ka ɗaga kai ka ga duwatsu baƙaƙe, sama fes, ko gajimaren rantsuwa babu. Isuhu yakan dunƙula ƙasar a hannu ya shinshina ya yar. Wata rana na ce masa, "Yaya, ko dai mu tafi haka nan? Raina bai kwanta ba."

"In mun tafi yanzu, me muka sayi rediyon don shi?"

Ban sake tada maganar ba. Abin da mutum ya sayar da bargonsa ya saya, ba ya son a ce masa ya ajiye.

Aka kira Zandar. Aka kira Mirya, aka kira Gure, muka ce to Kawu Mato ya samu. Aka sake zagayowa aka kira su. Tanut shiru. Wata ya mutu, wani ya tsaya. Muka cika saƙon da muka rage, har da ƙari, da sukari da shayi na Baba, muka ce wannan da hannunmu za mu kai. Sai ran nan, muna zaune tukunya na kan wuta, mutumin ya ce Tanut, kuma ruwa mai yawa. Isuhu ya ɗaga rediyon sama da hannu biyu yana dariya. "Ina Kawu Mato? Ya zo ya amsa gaisuwarsa!" Rabon da in ga haƙoransa haka tun muna gida.

Hanyar ba sai na faɗa ba, wanda ya bi ta ya sani, wanda bai bi ba Allah ya raba shi da ita. Bisa kaya muka zauna, rana ta gasa mu, a kowane shinge a sauke mu a tatse. Isuhu ya ɗaure rediyon a cikinsa ƙarƙashin riga. Muka wuce Arlit, muka wuce Agadas. Tanut muka tarar da ita a jiƙe, tabkuna cike, mutane sun fita da sungumi, ƙasa tana ta ƙanshi. Daidai yadda aka faɗa. Muka ɗora kaya a ka muka kama hanyar gida tun da sassafe, Isuhu a gaba yana sauri.

Da rana ta take tsaka na fara ganin abin da ban gane ba. Ciyawa. A bakin Tanut ƙasa tsirara take, ɗan tsiro bai ko fito ba. Nan kuwa ciyawa ta rufe hanya, tana shafar idon sawu. Muka ƙara gaba, ta kai ƙwauri. Akuyoyi sun yi sul. Wannan ba ciyawar ruwan mako guda ba ce, jariri ma ya sani. Isuhu bai juyo ba, amma saurinsa ya canza. Sai gonaki suka fara, hatsi kore shar ya kusa gwiwa, mata da tsofaffi sun duƙa suna noman farko. Wata tsohuwa ta ɗago ta gane mu. Ba ta ce sannu da zuwa ba. Ta ce, "'Ya'yan Malam Bukar ne? Sannunku da haƙuri."

Hanyar shiga ƙauyenmu ta gefen gonarmu take bi. Nan muka sauke kaya.

Daga bakin gabas hatsi ya tashi, layi layi, miƙaƙƙu kamar an ja igiya. Na san wannan hannun, da shi aka koya mini. Muka bi layukan. Can gaba suka fara karkacewa, tazarar rami da rami ta ragu, kamar mai saran ya daina iya buɗe ƙafa. Gaba kaɗan wani ramin nan, wani can. Sai wani layi ya tafi ya tafi, bai kai rabi ba ya tsaya. Daga nan har ƙarshen gona, fiye da rabinta, ba komai sai ciyawa. Isuhu ya tsaya daidai inda layin ya ƙare. Ya daɗe a tsaye, sannan ya durƙusa ya dafa ƙasa.

Inna ce ta ba mu labari, tana zaune bakin ɗaki, muryarta ba hawa ba sauka. Wani hadari ne ya taso shi kaɗai, tun watan bakwai bai yi nisa ba. Ya juye a kan Rijiyar Kalgo da ƙauyukan da ke kewaye, ruwa kamar da bakin ƙwarya, Tanut ko yayyafi ba ta samu ba. Bayan 'yan kwanaki ya sake dawowa nan ɗin dai. Danshi ba ya jiran kowa, kuma kowane gida da tasa gonar, samari duk suna ci-rani, wa zai taimaki wa? Baba ya sa aka sauko da buhun iri. Inna ta ce ya jira mu, ya ce yaran suna hanya, in sun zo su tarar an fara. Ya ɗauki sungumi, Rakiya na bin sa da ƙwarya tana zuba iri, goyo a baya. Taliyar da muka aika ta riga ta ƙare, anza suke ci da ganyen tafasa. Kullum da yamma sai ya tsaya bakin hanya ya duba arewa. Ran da ya faɗi, da hantsi ne. A kan jaki aka kawo shi gida, bai kwana biyu ba ya rasu.

"Bai yi fushi da ku ba," in ji Inna. "Cewa ya yi ta yi, ko mota ce ta lalace musu."

Isuhu ya zaro rediyon daga cikin riga ya ajiye gabanta, ban san dalili ba, shi ma ina jin bai sani ba. Inna ta dube shi ta ce, "Wannan fa?"

Washegari muka shuka sauran gonar da irin da ya rage. Muka yi noma kamar mahaukata, ni da shi. Amma damina ba ta san ka makara don dalili ba. Ruwa ya ɗauke a lokacinsa. Hatsinmu ya yi kara, ya fidda kai, ya bushe ba ƙwaya, sai dabbobi suka ci. Na Baba ya nuna. Har karkatattun layukan nan, har ramin ƙarshe, kowane ya ba da zangarniya. Shi muka ci a shekarar, daga cikinsa Inna ta ware irin baɗi.

Rediyon kuwa Isuhu ya kai shi kasuwar Tanut bayan girbi. Kowa ya ɗauka ya juya ya yaba, ba mai kuɗin saye. Daga ƙarshe wani ma'aikacin buro ya karɓa ya ba shi hatsin da bai kai mu sati biyu ba. Isuhu bai sake fita ci-rani ba har ya rasu. Ni ne na dawo, na yi ta dawowa har na zauna. In ana gardamar kaya a kantina, wannan ya fi wancan, ƙara kaɗan ka ɗauki mai kyau, nakan ce musu mai kyau yana da kyau. Namu bai taɓa yi mana ƙarya ba, abin da ya shiga gwangwani shi ya faɗa.

Salisu ya gaji da jira ya miƙo hannu zai karɓi wayarsa. Ya ce shi sai ƙarshen wata zai tafi, patiron, maigidan da yake wa aiki, ya riƙe masa kuɗin sati biyu, kuma ga shi yana ganin komai daga nan, kullum ƙanensa zai riƙa turo masa. Na sake kunna hoton. Bayan hannun da ke cikin ƙasa, can nesa, akwai wani mutum a gona, yana tafiya yana sara, yana tsayawa.

Na ce, "Wane ne wancan mai sungumi?"

Ya karɓa ya buɗa hoton da yatsu biyu. "Baba ne."

"Shekarunsa nawa?"

Ya ƙara matso da wayar kusa da idonsa yana kallon tsohon.

Na ce, "Sa ta aljihu. Akwai motar Agadas gobe da safe, direban ɗan'uwan matata ne. Kuɗin patiron ni zan karɓar maka."